Waɗanne kalmomi zan fara ba yaran gidanmu su rubuta?

Maman Husna, Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga malaman da ke cikinmu. Husna shekararta 6, tana aji ɗaya a wata makarantar kuɗi nan kusa da mu. Duk ranar Litinin ana liƙa mata kalmomin Turanci 20 a bayan littafi, ranar Juma'a a yi musu shifta. Cikin na wannan makon akwai "beautiful", "Wednesday", "neighbour" da "umbrella". Bayan magariba muke zama tana rera haruffan kamar waƙa, kuma takan ci 17 ko 18. Amma jiya na rubuta mata "bed" a takarda na ce ta karanta, ta yi shiru tana kallona, can sai ta ce "beautiful". Wallahi abin ya tsaya mini a rai har na kasa barci.

Gidan haya muke, kuma akwai yara 7 sa'o'inta a gidan. Na yi niyyar in riƙa tara su Asabar da Lahadi da yamma in sun taso daga Islamiyya. Da waɗanne kalmomi zan fara? Guda nawa a mako? Da Hausa ko da Turanci?

Malama Bilkisu, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam Maman Husna. Ki kwantar da hankalinki, yarinyar nan lafiyarta ƙalau. Ta ga "b" a farko, sai ta lalubo kalmar da ta haddace mai farawa da shi ta ba ki. Hadda take yi, ba a riga an nuna mata cewa kowane harafi da sautin da yake ɗauke da shi ba. Shekarata 11 ina koyar da 'yan aji ɗaya da biyu, irin wannan kullum sai na gani.

Ni abu biyu nake dubawa kafin in ba yaro kalma. Na farko, ya san ma'anarta, yana faɗarta da bakinsa. Na biyu, duk haruffan da ke cikinta an riga an koya masa sautinsu. In kalma ta faɗi a ɗaya daga cikin biyun, ajiye ta nake yi sai gaba. Ki duba "neighbour": haruffa 9 ne, kuma "gh" ɗin tsakiya ba ya yin sauti ko kaɗan. Ta ina yarinya 'yar shekara 6 za ta kama ta in ba hadda ba?

Da Hausa abin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ki ɗauki haruffa 4 kawai: a, m, n, k. Da su kaɗai za ki samu mama, nama, kaka, kama, mana, kana, Nana. Ki ƙara "u" ki samu kunu, kuka, muna. Ki ƙara "r" da "w" ki samu ruwa, rana, rawa, kura. Yaro zai ga da hannunsa yake gina kalmar: ma da ma, mama; na da ma, nama. Kalma 5 ko 6 a mako sun isa.

Alhaji Ɗanlami, Mile 12:
Malama, Allah ya ƙara ilimi, amma ni ban yarda ba. Mu fa a Legas muke, ba a Kano ko Funtuwa ba. Jarrabawa da Turanci za su yi ta, takardar asibiti da Turanci, rasit ɗin banki da Turanci. Ni da nake sayar da albasa na san abin da rashin Turanci ya jawo mini a garin nan, sau nawa ana miƙo mini takarda sai na nemi mai karanta mini. Kuɗin makaranta nake biya don 'ya'yana su wuce inda na tsaya. Hausa kuwa a nono suka sha ta, wa zai koya musu nama da ruwa? In makaranta ta ba su manyan kalmomi, ai tun ran gini tun ran zane. Su saba da wahalar tun yanzu.

Malama Bilkisu, Idi-Araba:
Ranka ya daɗe Alhaji, burinmu ɗaya ne, ni ma Turancin nake koyarwa da safe. Ba nama da ruwa za a koya musu ba, sun san su. Saboda sun san su ne ma muke amfani da su, don hankalin yaro ya tafi kacokan kan yadda sauti yake zama rubutu. In ka ba shi kalmar da bai san ma'anarta ba, cikin harshen da bai gama ji ba, kuma rubutunta bai bi furucinta ba, kaya uku ka ɗora masa a lokaci ɗaya.

Kuma ko a Turancin akwai ƙananan kalmomi masu bin ƙa'ida. Makarantu da yawa a nan suna amfani da tsarin Jolly Phonics na koyar da karatu ta hanyar sautin haruffa, rukunin farko a cikinsa haruffa 6 ne: s, a, t, i, p, n. Da su yaro zai rubuta "sat", "sit", "pin", "tin", "tap", "pan", "ant". Wanda ya iya haɗa waɗannan da kansa, ranar da ya ga "umbrella" zai yanka ta gunduwa-gunduwa ya karanta. Wanda ya haddace "umbrella" kawai, in ka ba shi "under" sai ya tsaya.

Malam Sa'idu, Agege:
Ina so in sa baki, domin abin da Malama take faɗa ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ba a fara wa yaro da rubutu. Sai ya ji A'uzu da Bisimilla da Fatiha a kunnensa har sun zauna a bakinsa. Sannan a shiga babbaƙu, a nuna masa baƙaƙe tsirara ba wasali, kuma daga cikin abin da ya riga ya iya faɗa ake ciro su. In ya gane su sai a shiga farfaru, a sa musu wasula, ya ji yadda baƙi ɗaya yake zama ba, bi, bu. Bayan nan ne yake fara haɗawa da kansa. Ba malamin da zai rubuta wa ɗan babbaƙu doguwar aya daga Baƙara ya ce ya wanke gobe. Iyayenmu sun san cewa da rarrafe yaro kan tashi.

Alhaji, hadda tana da muhallinta, ni ne mutum na ƙarshe da zai raina ta. Amma mun sha ganin yaro ya haddace izu guda da ka, in ka nuna masa kalma a tsakiyar shafi ya kasa. Irin wannan komawa da shi baya muke yi, ba ƙara masa muke yi ba.

Alhaji Ɗanlami, Mile 12:
Allah ya gafarta Malam, wannan misali ya shige ni. Amma har yanzu tsorona kada a haɗa wa yaro Hausa da Turanci ya rikice, ga Larabci a Islamiyya, ga kuma Yarabanci da aka wajabta a makaranta. Kai ɗaya, rubutu huɗu.

Zainab, Yaba:
Baba Alhaji, tsoronka yana da tushe, kuma gara a san daidai inda rikicin yake. Ina karatun ilimin harsuna, kuma ina yi wa ƙannena lesin a gida. Gaskiya ne tun 2018 Jihar Legas ta yi dokar da ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantu, to yaranmu za su gamu da shi.

Babban wurin tuntuɓe shi ne wasula. Sunan harafin "e" a waƙar ABC ta Turanci shi ne sautin da mu muke rubutawa "i". Sunan "i" kuma shi ne abin da muke rubutawa "ai". In kin ce wa yaro ya rubuta kifi, shi kuma sunayen haruffan Turanci ne a kansa, sai ki ga ya rubuta "kefe". Ƙanena ya yi haka sau da dama. Maganinsa a daina kiran sunan harafi a wannan matakin, a riƙa kiran sautinsa. Sai kuma "c": a wurinmu shi ne na ci, ciki, cokali, a Turanci a "cat" sautin "k" yake yi, Yarabanci kuwa ba shi da shi sam. Abin da muke rubutawa "sh", su "s" suke sa wa ɗigo a ƙasa. Saboda haka Maman Husna, kalmomi masu "c" ki bar su sai yaran sun yi ƙwari. Amma m, n, k, b, d, t, l, s, w duk aikinsu kusan ɗaya ne a harsunan uku. Abin da yaro ya koya da su a Hausa kai tsaye yake ɗauka ya shiga da shi ajin Turanci.

Kuma an taɓa gwada wannan a ƙasar Yarabawa. Farfesa Babs Fafunwa, wanda haifaffen Isale Eko ne a nan Legas, shi ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci duk shekaru 6 na firamare, Turanci kuma ana koyar da shi a matsayin darasi. Yaran ba su koma baya a Turanci ba in an gwada su da takwarorinsu. Makwabtanmu sun gwada da harshensu, mu me zai sa mu ji kunyar namu?

Baban Faruk, Obalende:
Ni ina da wata fahimta daban. Lokacin da Faruk yake aji ɗaya na samo jerin da ake kira Dolch, kalmomi 220 da wani malami ɗan Amurka, Edward Dolch, ya tattara a 1936, waɗanda suka fi yawan fitowa a littattafan yara. Irin su "the", "was", "said", "you", "one". Ba manya ba ne, amma ba jimlar da za ka karanta ba ka ci karo da su ba. Na rubuta su a kwali muna yi kullum. Cikin wata uku ya fara karanta ƙaramin littafi. Malama, in aka bi ƙa'idarki ta biyu, yaushe yaro zai kai ga "said" da "one"? Ai rubutunsu bai bi furucinsu ba, ga shi kuma ba makawa sai da su.

Malama Bilkisu, Idi-Araba:
Baban Faruk ka kama ni a nan, kuma gaskiyarka. Turanci yana da sauti wajen 44 amma haruffa 26 ne, shi ya sa wasu kalmomin dole a karɓe su yadda suke. Abin da nake yi shi ne in sa guda ɗaya ko biyu irin waɗannan a mako, a gefen masu bin ƙa'ida. Kuma ko su ba na cewa a haddace su ɗungurungum. A "said", "s" da "d" suna nan daidai, "ai" ɗin tsakiya ne kawai ya saɓa, sai in ja layi a ƙarƙashinsa in ce nan ne za ku riƙe. Inda ban bi ka ba shi ne a ba yaro duka 220 a kwali. Da yawa daga cikinsu, irin "can", "big", "not", "red", yaro zai iya haɗa su da kansa, asara ce a sa shi hadda. Faruk ya yi nasara, Allah ya ƙara masa basira, amma ina zaton yana cikin yaran da suke gano ƙa'idar da kansu. Ba duka ne suke ganowa ba.

Baban Faruk, Obalende:
Haka ne, ƙanwarsa kwalin bai yi mata aiki ba, ta kan rikita "was" da "saw". Zan gwada jan layin nan.

Hajiya Gambo, Alaba Rago:
'Ya'yana, ku bar ni in faɗi abin da ke damuna ni tsohuwa. Alhaji ya ce Hausa a nono suka sha ta. Zo ka ji jikokina. Ba mai iya cewa ƙofa, sai kofa. Tsaya ta koma saya. Ɗaki ya koma daki. Rannan ƙaramar ta shigo da gudu tana cewa kura ta shiga idonta, sai da gabana ya faɗi kafin in gane ƙura take nufi. A nan aka haife su, da Turancin buroka da Yarabanci suke wasa a waje, ban ga laifinsu ba. Amma in za ki koya musu rubutu, 'yata Maman Husna, don Allah ki sa musu kalmomin da za su gyara musu harshe. In ba su ji bambancin a kunne ba, ba za su rubuta shi ba.

Malam Sa'idu, Agege:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ana iya haɗa musu kalmomi bibbiyu waɗanda lanƙwasa ce kawai ta raba su: kura da ƙura, baki da baƙi, kafa da ƙafa, bata da ɓata, dauri da ɗauri. A faɗa musu, su nuna wacce aka faɗa, tun kafin a ce su rubuta. Yara suna jin daɗin wannan ƙwarai, domin in aka ce wa yaro ya nuna bakinsa ya ce baƙi, sai sauran su gyara masa.

Malama Bilkisu, Idi-Araba:
Na yarda da wannan, sai dai a kula da lokaci. Yaran wannan shekarun ko ba lanƙwasa suna juya "b" da "d". In kin kawo b, d, ɓ, ɗ a mako ɗaya, ga "p" na jiran su a makaranta, kin tara musu 'yan gida ɗaya guda 5 masu kama da juna. Ni "b" nake fara bayarwa da baba, biri, bera a'a, wannan ɓera ne, kun ga ni ma sai na kula. Baba, biri, buta, bango. Sai bayan mako biyu ko uku in kawo "d" da doki, dawa, duma. In sun zauna sosai sai "ƙ", domin ita ta fi sauƙin ganewa a ido, sannan ɗ da ɓ a ƙarshe. A kunne kuwa ana iya fara wasan Malam tun ranar farko.

Haka tagwayen baƙaƙe, sh, ts, kw, gw, ky, gy. Kada tsintsiya ko gyaɗa ko ƙwai su shiga jerin farko, duk da yaro ya san su. In lokacinsu ya yi, a fara da shanu da tsoro, masu gaɓa biyu. Kalmomi masu ninkin baƙi irin hannu da kunne, su ma sai daga baya, don yaro zai rubuta "hanu" kuma a kunnensa bai yi kuskure ba.

Mansur, Ijora:
Wata matsalar ma mu manya ne. Rabinmu ba ma sa lanƙwasa a waya, yaro yana ganin saƙon babansa an rubuta "karfe" a maimakon ƙarfe. Gboard, wato manhajar buga rubutu a waya, yana da Hausa, in an ƙara ta a saitin harsuna ƙ, ɗ, ɓ suna nan. Minti biyu ne aikin.

Maman Sadik, Obalende:
Ni tambayata daban ce. Mu Sakkwatawa ne, a gida hita muke cewa ba fita ba, hwara ba fara ba. Yarana haka suka tashi suna ji. In aka yi musu shifta suka rubuta yadda suke faɗa, a ce sun faɗi? Ba na son yaro ya taso yana jin Hausar uwarsa kuskure ce.

Zainab, Yaba:
Anti, ba kuskure ba ce ko kaɗan. Daidaitacciyar Hausa da ake rubuta littattafai da ita an gina ta ne galibi kan karin Kano, shi ya sa ake rubuta fita da fara. A farkon nan a zaɓi kalmomin da duk muka haɗu a kansu: ruwa, nama, rana, wuta, gida, kaza. In sun kama karatu sai a gaya musu a fili cewa a gida haka muke faɗa, a littafi kuma haka ake rubutawa, kuma duka biyun Hausa ne. Wannan "f" ɗin ma shi ne yake ba mu wahala a Turanci, domin Hausa ba ta raba "p" da "f". Shi ya sa "pan" da "fan", ko "pin" da "fin", ya kamata su shiga wasan kunne irin na Malam.

Akwai kuma kalmomin da nake guje wa da fari saboda rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, haka wuya ta jiki da wuya ta wahala, haka kuka da bishiyar kuka. In za ki ba da irinsu, ki sa su cikin jimla.

Maman Husna, Agege:
Assalamu alaikum. Na dawo da labari, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya da shekaranjiya mun zauna a barandar gida, yara 8 ne ma, domin ɗan makwabciyarmu Bayarabiya ya zo ya zauna, kuma yana jin Hausa. Na yi yadda Malama ta ce, a, m, n, k kawai, da sauti ba da suna ba. Na yanka kwalin indomi na rubuta ma, na, ka a kai, suna jerawa a ƙasa. Ranar farko Husna ta dinga cewa "em, e" irin na makaranta, sai da na yi ta maimaitawa. Jiya kuwa ta ɗauki ka ta ajiye kusa da ma, ta daɗe tana motsa baki, sai ta ɗago ta ce, "Umma, kama ne!" Ban taɓa rubuta mata wannan kalmar ba. Hawaye ne suka zo mini.

Biyu daga cikinsu ba su kama ba tukuna, ɗaya ma ya fi Husna shekaru. Mun yi wasan kura da ƙura na Malam, nan ne na ga gaskiyar Hajiya, mutum 3 ne kawai suka iya bambancewa.

Saura kalmomin makaranta 20 ɗin nan, gobe Litinin za a liƙo sababbi. Ba na son ta ci sifili ranar Juma'a a yi mata dariya a aji.

Malama Bilkisu, Idi-Araba:
Alhamdu lillahi, wannan "kama" ɗin ta fi 18 ɗin ranar Juma'a a wurina. Yaran nan biyu kada ki ƙara musu harafi, ki maimaita waɗannan huɗun mako mai zuwa, kuma ki lura ko suna ji da gani sosai. Kalmomin makaranta kuwa, ki turo su nan gobe in ware miki waɗanda za ta iya yankawa gaɓa-gaɓa, ku fi ba su ƙarfi. Kuma ki je ki sami antinsu cikin mutunci ki nuna mata takardar "bed" ɗin nan. Sau da yawa ba ita ta zaɓi kalmomin ba, daga ofis ake ba ta, saboda iyaye suna son su ga manyan kalmomi a littafi. In iyaye biyu ko uku suka yi magana tare, an fi saurara.

Alhaji Ɗanlami, Mile 12:
Ni dai har yanzu ina so a shiga Turancin da wuri, kada a yi wata shida ana mama da nama. Amma zan gwada Abba yau da daddare, in rubuta masa ƙaramar kalma in ga ko zai karanta. Maman Husna, akwai farin allo da wani yarona ya bari a shago, da alƙalumansa. Ki gaya wa maigidan ya biyo ta kasuwa ranar Laraba ya ɗauka, ya tambayi layin 'yan albasa.